Filin Tambaya da Amsa: Na gama haɗa kwamfutar gem, wace babbar manhaja zan ɗora mata?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Saƙonnin wannan karon kusan duk waje ɗaya suka dosa. Mutum ya gama ɗaure-ɗaurensa, ya danna maɓalli, fanka ta juya, fitilu sun kama, zuciya ta yi fari, sai kuma sikirin ya ce masa ai babu abin da zai tashi da shi. Daga nan ne tambayar ke farawa, Windows ko Linux, in Windows ce wacce daga ciki. Ga waɗanda na tsinto.

TAMBAYA: Salam Malam, ya aiki ya ƙoƙari. Dan Allah inada tambaya, na daɗe ina tara kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya har Allah ya nufa na haɗa ta satin da ya wuce, Ryzen 5 7600 ne da katin RX 7700 XT da RAM 32GB da SSD 1TB, to yanzu abokaina sun raba min hankali wani yace Windows 11 wani yace kar na kuskura Windows 10 tafi sauri wani kuma ya dage wai Linux ake yayi yanzu kyauta ce kuma tafi bada firem, ni dai wlh kaina ya kulle. Abinda nafi bugawa EA Sports FC ne da Warzone da Fortnite tare da abokai da daddare, sai irinsu Cyberpunk idan ni kaɗai ne.

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanena, Allah ya sanya albarka ya sa ka more ta. Ka ɗora Windows 11, kar ma ka tsaya wata-wata. Kuma ba ni na zaɓa maka ba, layin ƙarshe na saƙonka ne ya zaɓa, domin guda uku daga cikin gem huɗun da ka lissafa ba za su tashi a Linux ba ko da kuwa ka kwana kana gyaran setin.

Bari in yi maka bayani yadda za ka iya yi wa abokin naka shi ma. Gem ɗin da ake bugawa onlayin da mutane suna zuwa da wata manhaja mai gadi wadda aikinta kama 'yan maguɗi, masu sa wa gem wasu dabaru don su dinga ganin abokin gaba ta bayan bango ko bindigarsu ta dinga saita kai da kanta. Irin waɗannan masu gadin da yawansu ba a sama-sama suke zama ba, can cikin zuciyar Windows suke shiga su zauna, wajen da direbobi suke, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa kayan cikin kwamfuta, don su ga duk abin da ke motsi a kwamfutar. Call of Duty, masu Warzone, nasu Ricochet sunansa, Valorant nasu Vanguard, EA su ma suna da nasu da suka sa a gem ɗin ƙwallo da Battlefield. To zuciyar Linux daban ce da ta Windows, mai gadin da aka ƙera don wancan gida ba shi da wajen zama a wannan, shi kenan sai gem ɗin ya ƙi buɗewa ko ya buɗe ya koro ka daga saba. Fortnite kuwa labarinsa ma ya ɗan bambanta, masu gadi irin su Easy Anti-Cheat, wanda yake amfani da shi, da BattlEye, tun 2021 suka sanar suna iya aiki a Linux, amma sai kamfanin gem ya ga dama ya kunna, Epic kuma ba su kunna wa Fortnite ba.

Abin da ya fi damuna ma a nan shine gem zai iya yi yau gobe ya daina. Apex Legends ya yi shekaru yana tafiya lafiya lau a Linux, a Oktoban 2024 aka rufe ƙofar. GTA Online a Satumban 2024 aka sa masa BattlEye, masu Steam Deck, na'urar gem ta hannu mai Linux a ciki, suka wayi gari ba sa iya shiga. League of Legends ma a 2024 aka kawo masa Vanguard, masu buga shi a Linux suka haƙura. Mutumin da daɗin kwamfutarsa duk a haɗuwa da abokai da daddare yake, bai kamata ya ɗora rayuwar gem ɗinsa a kan abin da wani kamfani zai iya kashewa da sanarwa ɗaya ba.

Sai maganar Windows 10. Na san ana sonta, ni ma na so ta, tun Yulin 2015 take tare da mu kuma ta yi aiki. Amma Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025, abin da ya rage shine wani shiri na ƙarin gyaran tsaro da ake shiga wanda na mutanen gida zai ƙare 13 ga Oktoba 2026. Kai kuma sabuwar kwamfuta ka haɗa da kake fatan ta yi maka shekara biyar ko fiye, ina amfanin ka fara gini a kan abin da aka riga aka sa wa ranar tashi? Zancen wai ta fi sauri kuma, a yawancin gem bambancin bai kai wanda ido zai gani ba, wani lokacin wannan ta ɗan wuce wani lokacin waccan, kuma sabbin kaya yanzu Windows 11 ake gyara wa. Da yawa daga furosesan Intel na ƙarni na 12 zuwa sama suna da ƙwayoyi iri biyu, masu ƙarfi da masu tattalin wuta, Windows 11 ce aka koya wa yadda za ta raba musu aiki daidai. Ku masu Ryzen ma a 2024 an fitar da wani gyara a Windows 11 da ya ƙara wa furosesanku kuzari a gem.

Ga abin da za ka yi. Samu filash mai 8GB ko fiye, ka je shafin Microsoft kansa a wata kwamfutar ka sauke Media Creation Tool, ita za ta haɗa maka filash ɗin. Kafin ka fara, ka shiga shafin kamfanin da ya yi modabod ɗinka, wato babban allon da ake soka sauran kaya a kai, ka sauke direban intanet, na waya da na Wi-Fi, ka ajiye a filash, don ba a fafe gora ranar tafiya, sau da yawa Windows kan tsaya a tsakiyar hanya ta ce sai an haɗa ta da intanet alhali ita kanta ba ta gane katin intanet ɗin sabon modabod ba tukuna. In ta gama hawa ka sa direban chipset na AMD, ka sa na katin hoto, sannan ka shiga BIOS, wato shafin setin modabod, ka kunna EXPO don RAM ɗinka ya yi gudun da aka rubuta a kwalinsa, in ba haka ba a ƙasa-ƙasa zai yi ta tafiya kai ba ka sani ba. Kuma dan Allah ka duba wayar sikirin, a jikin katin hoto za ka soka ta ba a jikin modabod ba. Wannan kuskuren na gan shi ya fi a ƙirga, mutum ya yi ta zargin Windows alhali katin da ya sha wahala ya mallaka yana zaune ba ya komai.

TAMBAYA: Malam ni kuma nawa sabo ne fil amma da na zo sa Windows 11 sai tace wai kwamfutar bata cika sharuɗɗa ba, Core i5 12400F ne fa, ko an cuce ni ne?

AMSA: Ba a cuce ka ba ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, furosesanka ya wuce abin da ake nema nesa ba kusa ba. Windows 11 da ta fito 5 ga Oktoba 2021 ta zo da sharuɗɗa, RAM aƙalla 4GB, wajen ajiya 64GB, furosesa daga Intel ƙarni na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama, sai guda biyun da suke kama mutane, TPM 2.0 da kuma kwamfutar ta zama tana tashi ta tsarin UEFI mai iya Secure Boot, wato tsaron da ke hana manhajar da ba a tantance ba tayar da kwamfuta. Shi TPM ɗin nan wani ɗan akwatin sirri ne da ake ajiye makullan tsaro a ciki, kuma ba sai ka sayi komai ba, yana nan a kwamfutarka, kawai a wasu modabod ɗin a kashe yake zuwa. Shiga BIOS, yawanci da maɓallin Del ko F2 lokacin da take tashi, ka nemi abin da aka rubuta PTT tunda Intel ne naka, masu AMD kuma fTPM za su nema, ka kunna. Sai ka nemi CSM ka kashe shi, ka kunna Secure Boot, ka adana ka fita. In ka haɗa filash ɗin da Rufus ne, wata manhajar haɗa filash ɗin Windows, ka tabbata GPT ka zaɓa ba MBR ba.

Za ka ga masu koya yadda ake tsallake sharuɗɗan gaba ɗaya. Kai kam kar ka bi wannan, tunda kayanka na da su. Valorant a Windows 11 sai da TPM 2.0 da Secure Boot yake yarda ya buɗe, Battlefield 6 da ya fito a Oktoban 2025 shi ma sai da Secure Boot, kuma alamu sun nuna sauran manyan gem na harbi hanyar da suka ɗauka kenan.

TAMBAYA: Home ko Pro wanne yafi ƙarfi a gem?

AMSA: Ɗaya suke, ko firem guda, wato hotunan da gem ke nunawa duk daƙiƙa, Pro ba za ta ƙara maka ba. Abin da ta fi Home da shi kayan ofis ne, cikakken BitLocker mai kulle faifai, Hyper-V, shiga kwamfutar daga nesa, da ɗaukar RAM har 2TB inda Home ta tsaya a 128GB. In gem ne kawai ɗauki Home. Abin da ya fi wannan muhimmanci shine irin lasisin, akwai wanda ke manne wa modabod ɗin da aka fara sa shi, ana ce masa OEM, akwai kuma wanda za ka iya tafiya da shi sabuwar kwamfuta. Mai haɗa kwamfuta da hannu yau ya canza wannan gobe ya canza wancan, na biyun ya fi dacewa da shi, kuma ka haɗa lasisin da akawun ɗinka na Microsoft don ranar da ka canza modabod.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ɗaliba ce ina karantar kimiyyar kwamfuta, ni da yayana muka haɗa kwamfutar, ina amfani da ita wajen rubuta kod kuma ina buga gem amma ni bana shiga na onlayin ɗin nan, irinsu Elden Ring da Baldur's Gate 3 da Hades nake so sai Dota 2 jefi-jefi. Gaskiya raina ya fi kwanciya da Linux saboda karatuna amma kowa sai ya ce min ba a gem a Linux. Katina RTX 3060 ne. Da gaske ne ba zai yiwu ba, in zai yiwu wacce zan sa?

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, saƙonki ya faranta min rai sosai. Masu ce miki ba a gem a Linux labarin da suke ba ki, da can gaskiya ne, yanzu kam ya tsufa. Duk gem huɗun da kika ambata suna tafiya, Dota 2 ma Valve da kansu suka yi masa na Linux, haka Counter-Strike 2.

Abin da ya canza lamarin kamfanin Valve ne, masu Steam, kasuwar sayen gem ta kwamfuta. Sun fara gwadawa tun 2013 da SteamOS na farko, suka fito da wasu kwamfutoci a 2015 da ba su karɓu ba, saboda a lokacin sai an sake rubuta gem musamman don Linux kuma kamfanoni kaɗan ne suka damu. Sai suka canza dabara, a Agustan 2018 suka fito da Proton. Ki ɗauke shi kamar tafinta, gem ɗin yana magana da yaren Windows, yana kiran DirectX, shi kuma Proton yana tsaye a tsakani yana juya maganar nan take zuwa abin da Linux ke ji, wato Vulkan. An gina shi ne a kan Wine, tsohon aiki da aka fara tun 1993, aka haɗa masa DXVK mai kula da DirectX 9 zuwa 11 da VKD3D-Proton mai kula da DirectX 12. Tunda ke ɗalibar fannin ce ki je ki leƙa kod ɗinsu, a buɗe yake, akwai karatu mai yawa a ciki. Da Steam Deck ya fito a Fabrairun 2022 da Linux a cikinsa, sai ya zama kamfanonin gem da kansu suna so gem ɗinsu ya yi aiki a Proton don kar su rasa masu saye, to wannan ne ya buɗe mana hanya mu masu kwamfutar tebur. Har yanzu dai masu Linux 'yan kaɗan ne a Steam, a ƙididdigar da Valve ke fitarwa duk wata Windows na da sama da kashi 90 cikin 100, amma 'yan kaɗan ɗin nan suna buga dubban gem.

Kafin ki goge komai ki yi abu ɗaya, ki rubuta gem goma da kika fi so ki shiga shafin ProtonDB ki duba su ɗaya bayan ɗaya. Mutane ne ke rubuta yadda gem ya yi musu, ana ba shi daraja daga Platinum, wanda ke tashi ba tare da an taɓa komai ba, zuwa Gold, Silver, Bronze, sai Borked wanda ba ya yi sam. Ki karanta rahoton masu kati irin naki ba darajar kawai ba.

Yanzu maganar katinki, kuma a nan zan gaya miki gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Da AMD ne da na ce ki rufe ido ki shiga, domin direban AMD a cikin Linux ɗin yake zuwa, ba abin da za ki saka. Nvidia kuwa sai an sa direbansu daban, ya gyaru ƙwarai a 'yan shekarun nan amma har yanzu a gem masu DirectX 12 akan rasa wani kaso na firem idan aka gwada da Windows a kati iri ɗaya, kuma Elden Ring na cikin masu DirectX 12. Zai yi, za ki buga ki ji daɗi, amma kar ki shiga da tunanin za ki samu ƙari. Shi ya sa maganar da ake yaɗawa wai Linux ta fi ba da firem ban cika son ta ba, a wani gem da katin AMD takan faru, a wani kuma akasin haka ne, ba doka ba ce.

Linux iri-iri ce, to wacce za ki sa? Da gem kaɗai ne da na ce Bazzite, an gina ta a kan Fedora, tana zuwa da Steam da direban Nvidia a shirye, kuma an kulle cikinta yadda da wuya mutum ya ɓata ta. Amma wannan kullewar ita ce za ta iya takura miki wajen karatu, lokacin da malami zai ce ku saka kaza ku gyara fayil kaza. Don haka ni a ganina ki ɗauki Pop!_OS, suna da wadda ke zuwa da direban Nvidia tun daga filash, ko Linux Mint in kina son abu mai sauƙin sabo, ko Fedora in ba kya tsoron ɗan karatu. Nobara ma Fedora ce da aka gyara don gem. Arch da 'ya'yanta irin su CachyOS ki bar su sai kin yi wata shida kin san hanya. SteamOS kuma, duk da sunanta na jan hankali, Valve sun fi mayar da hankali ne kan na'urorinsu da kayan AMD, ba ita ce ta katinki ba.

Gem ɗin da kika saya a Epic ko GOG akwai Heroic, yana buɗe su. Wanda babu hanyarsa shine Game Pass na kwamfuta, tsarin hayar gem na Microsoft, domin manhajar Xbox da ake buɗe shi da ita a Windows kaɗai take. Kuma gani ya kori ji, kusan duk ire-iren Linux ɗin nan za ki iya tayar da su daga filash ki zagaya ki ga ko sauti da Wi-Fi da sikirin suna aiki kafin ki taɓa SSD ɗinki.

TAMBAYA: Oga akwai wata Windows da nake gani ana tallatawa wai an cire mata duk tarkace an rage mata nauyi musamman don gem, RAM kaɗan take ci kuma ta zo da lasisinta a kunne. In sa?

AMSA: A'a ɗan'uwa, kar ka sa, ina roƙonka. Ka tsaya ka yi tunani, wani mutum da ba ka san sunansa ba ba ka san inda yake ba ya buɗe cikin babbar manhaja, ya cire abin da ya ga dama ya sa abin da ya ga dama, ya rufe ya miƙo maka, kai kuma za ka shigar da kalmar sirrinka ta Steam da ta imel da ta banki a ciki. Abu na farko da irin waɗannan ke cirewa don a ga RAM ya sauka shine Windows Defender da Windows Update, wato mai gadin gidan da mai gyaran katanga.

Na taɓa sa irinta shekarun baya a wata kwamfutar da na haɗa wa ɗan yayata, na sauko da ita daga wani shafi da ake ta yabo. Sati biyun farko yaro na ta murna. Daga baya muka lura ko ba a buɗe komai ba fankar katin hoto na ta ihu kuma katin da zafi, ashe wani abu ne a ɓoye yake haƙar kuɗin kirifto da katin yaron, ba a jima ba kuma akawun ɗinsa na gem ya tafi da duk abin da ya tara a ciki. Ranar da yaron nan ya zo yana hawaye har yau tana raina, domin ni na sa masa da hannuna. Araha ba ta ado.

In nauyi ne damuwarka, sa ta asali daga Microsoft, ka cire manhajojin da ba ka so da kanka, ka shiga Task Manager ka kashe masu tashi tare da kwamfuta. In kuma lasisi ne bai samu ba tukuna, Windows ta asali tana hawa ko ba ka sa makulli ba, za ta sa maka ɗan rubutu a kusurwar sikirin ta hana ka canza hoton bango da launuka, gem kuwa zai tafi daidai, ka yi amfani da ita a haka kafin ka samu halin sayen lasisin.

TAMBAYA: Malam ni duka biyun nake so, Valorant da abokai sannan ina so in koyi Linux. Za su zauna a kwamfuta ɗaya?

AMSA: Za su zauna. An ce taura biyu ba ta taunuwa, amma a nan tana yiwuwa in ka ba kowacce ɗakinta. Shawarata SSD biyu, ɗaya na Windows ɗaya na Linux, ya fi raba guda ɗaya kwanciyar hankali nesa, domin in suna ɗaki ɗaya wata rana sabuntawar Windows kan iya taɓa wajen tashi ka kunna ka ga Linux ta ɓace daga jeri, ba ta goge ba amma sai ka sha aiki kafin ka dawo da ita. Fara sa Windows, in da hali ka cire SSD ɗinta lokacin da kake sa Linux a ɗayan, sannan ka mayar, ka dinga zaɓa daga jerin tashi na BIOS.

Ƙananan abubuwa uku da za su ba ka ciwon kai in ba ka sani ba. Ka kashe Fast Startup a Windows, don idan yana kunne ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana riƙe faifan sai Linux ta kasa rubutu a kai. Agogo zai dinga rikicewa duk lokacin da ka sauya, saboda Linux na ajiye lokaci da agogon duniya na UTC ita kuma Windows da lokacin garinku, layi ɗaya ake rubutawa a gyara. Sannan kar ka ce za ka ajiye gem a faifan Windows mai tsarin NTFS ka dinga buɗe su daga Linux don tattalin waje, Proton ba ya jituwa da hakan sosai, gem zai ƙi tashi ka rasa dalili. Tunda Valorant kake bugawa Secure Boot dole ya zauna a kunne, don haka ka zaɓi Linux mai tashi da shi a kunne, Ubuntu da Fedora da Mint suna yi. Kuma kafin ka taɓa komai a BIOS ka duba ko Windows ta kulle faifanka da BitLocker, in ta kulle ka nemo makullin ceto mai lamba 48 daga akawun ɗinka na Microsoft ka rubuta a takarda.

TAMBAYA: macOS fa, ana iya sa ta?

AMSA: Bar wannan maganar. Lasisin Apple bai yarda a sa ta a kayan da ba nasu ba, tun 2020 suka koma furosesan kansu suna janyewa daga Intel, sabbin katunan Nvidia ba sa aiki a cikinta, gem ɗin ma kaɗan ne.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ni dattijo ne ba sanin kan abin na yi sosai ba, ɗana ne ya haɗa kwamfuta da tsofaffin kayan da aka ba shi, ya ce min Core i5 6500 ne da kati GTX 1060 da RAM 16GB, Windows 10 ce a kai. Yanzu ya zo yana cewa wai an daina Windows 10 kuma tasa ba ta ɗaukar 11, sai dai a sake sabuwa. Yaron yana da ƙoƙari kuma ba na so in karya masa gwiwa amma ina so in san gaskiyar lamarin. Minecraft yake yi da Rocket League da wani Fortnite.

AMSA: Wa'alaikumussalam Baba, Allah ya ƙara girma, ya raya mana yaron nan, wanda ya iya tayar da kwamfuta daga tsofaffin kaya lallai yana da kai. Gaskiya ya faɗa muku amma ba duka ba. Furosesansa ƙarni na 6 ne, Windows 11 kuma daga na 8 ta fara karɓa, wannan haka yake. Amma daina tallafi ba ya nufin kwamfutar za ta mutu, za ta ci gaba da tashi gem ɗinsa su ci gaba da yi, abin da ya tsaya shine gyaran ɓarakar tsaro da ake turowa duk wata, sannan a hankali masu gem da masu direbobi za su janye. Mun ga yadda ta kasance da Windows 7, an daina tallafa mata a Janairun 2020, Steam bai sake ta ba sai 1 ga Janairun 2024. To ba gobe ba ne, amma tafe yake.

Da ba don Fortnite ba Baba da na ce ya koma Linux ya huta, Minecraft na Java yana tafiya a can lafiya, amma Fortnite ba ya yi kamar yadda na faɗa wa mai tambaya ta farko, kuma na tabbata shi ne wanda yake haɗuwa da abokansa a ciki. Don haka ku ce masa ya shiga Settings wajen Windows Update ya yi rajistar shirin ƙarin tsaron nan da ke kaiwa 13 ga Oktoba 2026, kuma kar a dinga shiga banki ko ajiye muhimman takardu a kwamfutar bayan wannan lokacin. Sannan ba sabuwar kwamfuta gaba ɗaya yake buƙata ba, a nan ne ya ɗan zarce. Katin hotonsa da akwatin da abin ba da wuta da faifan duk za su ci gaba da aiki, furosesa da modabod kawai zai canza. Ku ce ya duba RAM ɗin nasa, in DDR4 ne, wanda shi ne a yawancin modabod na wancan ƙarnin, to ya nemi modabod mai ɗaukar DDR4, irin B550 da Ryzen 5 5600 ko B660 na DDR4 da Core i3 12100F, ya mayar da RAM ɗinsa a kai, Windows 11 za ta hau ba gardama. In ya zo canzawar ya fara kwashe hotunansa da duniyoyin da ya gina a Minecraft zuwa filash tukuna, don sabuwar Windows ɗin daga farko zai sa ta.